Sunan Babana a Littafin Malam Badaru

Duk wanda ya yi firamare a Mawashi daga farkon shekarun tamanin har zuwa lokacin da waya ta shiga aljihun kowa, ta hannun Malam Badaru ya bi, ko yana so ko ba ya so. Ni ma ta nan na bi. Sunana Adawiyya, yanzu Turanci nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a nan Kankia, kuma in za a faɗi gaskiya, duk abin da nake taƙama da shi a gaban allo daga wurinsa na kwaso. Labarinsa zan bayar, amma gara in faɗa tun yanzu: ni ce mai laifi a ciki.

Mutumin Kunduru ne, aiki ya kawo shi garinmu shi da matarsa Inna Kubura, suka zauna shekara talatin da biyu. Dogo ne siriri, kullum aljihun rigarsa da tabon biro. Ba ya duka sosai, amma in ya kalle ka ta saman tabarau sai ka gwammace bulalar.

Abin da ya raba shi da sauran malamai shi ne ya tsani misalan da ke cikin littattafan da ake aiko mana. Sai ya ɗaga littafin da yatsa biyu kamar ya ɗauko mushen ɓera, ya ce, "Wai Jon ya tahi tashar jirgin ƙasa. Wane ne Jon? Ɗan gidan wa? Akwai wanda ya taɓa ganinshi kasuwar Kusada?" Mu haɗa baki mu ce, "Babu, Malam!" Ya ce, "To mu ƙyale Jon shi kama jirginshi." Sai ya juya ya rubuta kalmar a allo, ya nemo mata misali a cikin gari. Ranar da ya koya mana yadda ake cewa tserewa da Turanci, akuyar Bube ce, wadda ta tsinke igiya ranar kasuwa ta ratsa ta cikin masu tumatir. Ranar kalmar ƙin yarda kuwa, jakin Umar mai itace ne, da ya toge a bakin rafi har rana ta take. Wallahi har gobe in na ga kalmar nan a takarda, jakin nake gani.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, bai kuma taɓa karya ta ba: misali sai abin da ya faru da gaske, da sunan wanda abin ya faru da shi. Cewa yake yi ƙarya ba ta zama a kan yaro. Mutanen gari ma daɗi suke ji. Na tuna ranar da Hawwa'u mai nono ta ji an ce sunanta na kan allo, ta sauke ƙwarya a bakin taga ta ce a nuna mata wanne ne nata. Malam ya kira ta ciki, ya kama yatsanta ya ɗora a kai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe haka nake." Ranar nan kyauta ya sha nono.

Aikatau ya fi so cikin kalmomi. Yakan ce shi suna, zaune yake a gindin bishiya, aikatau ke zuwa gona. Kullum bayan la'asar zai zauna a ƙofar gida da wani dogon littafi mai bangon kwali, ya rubuta aikatau ɗaya ko biyu: Turancin da shuɗin biro, ma'anoninsa da Hausa da jan biro, sai misalai a ƙasa. Kafin ya yi ritaya littattafan sun kai bakwai, an jera kalmomin daga harafin farko zuwa na ƙarshe.

Sai in kawo maganar babana, don ba za a gane sauran ba sai da ita. Gajere ake ce masa, kuma ko yanzu da na rubuta sunan sai da na ji nauyi, don a gidanmu ba a kama sunan uba. Akwai gonar fadama da kakanmu ya bari. Shekara goma sha biyar babana ke aikinta, shi ya haƙa rijiyar ciki, shi ya dasa mangwaro da gwaiba. Rana tsaka yayansa, Baffa Ɗanmaliki, wanda ya daɗe yana kasuwanci a Kankia, ya dawo ya ce gonar tasa ce. Aka je gaban mai unguwa. Shaidu sun zo, dattawa uku, duk a shirye suke su faɗi abin da suka sani. Kafin ɗayansu ya buɗe baki babana ya miƙe ya ce, "Yaya, na bar maka." Shi ke nan, ya sa takalmansa ya fito.

Ina aji biyar lokacin. Innarmu ta yi kwana biyu ba ta hura wuta ba. Yara suka yi masa waƙa, suna bi na da ita har bakin aji, sai da na fasa wa wata baki. Malam Badaru ne ya raba mu. Bai dake ni ba, ya dai zaunar da ni kusa da teburinsa har aka tashi. Babana ya ƙare rayuwarsa yana ƙodago a gonakin mutane. Ni kuwa ban yafe ranar nan ba, ba ga Baffa ba, ba ga babana ba. Zuciya gare ni, kowa ya san wannan.

Da Malam ya yi ritaya sai ya koma Kunduru ya kama noman gyaɗa. Nakan je gaishe shi duk bayan sati biyu ko uku, don daga Kankia ba wata tafiya ba ce. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. An yi masa aiki a na dama bai yi kyau ba, na hagun kuma yana bi a hankali.

Shekara shida ke nan, aka aiko da sanarwa makarantarmu cewa an kafa wani kwamiti a Katsina da ke neman littattafan koyarwa waɗanda malaman karkara suka rubuta da kansu. Za a zaɓi masu kyau a buga, a raba wa firamare. Sharaɗin kawai a kai a buge da na'ura kafin ƙarshen watan shida. Ko gida ban biya ba, na hau mashin sai Kunduru.

Na same shi a zaure yana ɓarar irin gyaɗa. Da na gama yi masa bayani sai ya zare hannunsa daga cikin faranti. Ya ɗaga murya ya ce, "Kubura, jawo mani adakar nan." Ya fito da littattafan bakwai a naɗe cikin tsohon zane, ya ɗora mini a cinya da hannu biyu.

Ya ce, "Adawiyya, ni ba kuɗinsu nike so ba. So nike in riƙe shi a buge, in ga sunana da na mutanen Mawashi, kahin idon nan shi ida ruhewa. Amma ki ji, ko wasali guda kada ki canza sai kin tambaye ni."

Na ce, "In sha Allahu, Malam, ba zan taɓa muku komai ba."

Kullum in an tashi makaranta sai in shiga ɗakin kwamfuta in yi ta bugawa har la'asar. Kai, na sha dariya ni kaɗai! Ga akuyar Bube, ga jakin Umar, ga mutanen da suka daɗe a ƙasa duk sun taso suna ta hidimarsu. Sati biyar na yi na kai littafi na shida, saura kwana goma sha ɗaya a rufe karɓa.

Ranar wata Laraba na iso kalmar submit. Ya yi mata aiki mai kyau, yadda ya saba. Da jan biro ya rubuta cewa ma'ana ta farko ita ce miƙa abu ga na gaba don ya duba, kamar takardar neman aiki ko aikin gida, ya ba da misali da 'yan aji shida da suka miƙa littattafansu ranar Litinin. Ya kawo wata ma'anar ta gabatar da magana cikin ladabi a gaban alƙali. Sannan ya ce akwai ta sallamawa, wato mutum ya bi na gaba da shi ya bar jayayya. A ƙarƙashinta da shuɗin biro: Gajere submitted to his elder brother. Da ja kuma: Gajere ya sallama wa yayansa, ya bar masa gonar fadama.

Na karanta ya fi sau goma. Wato ranar da ya zaunar da ni kusa da teburinsa ina kuka, da la'asar ɗinta ya je ya zauna ya mai da mu misali? Kuma yanzu ni, da hannuna, zan buga wannan a raba wa yaran jihar nan kaf, har jikokin waɗanda suka yi mana waƙa? Na ce wallahi ba da ni ba. Na rufe littafin da ƙarfi har mai shara ta leƙo.

Na san abin da mai karatu zai ce. Me ya hana ki sa wani suna ki wuce? Na yi masa alkawari ba zan taɓa ko wasali ba. To me ya hana ki je ki tambaye shi? A nan ne abin yake. In durƙusa gaban malamina, wanda ya koya mini riƙon fensir, in ce ya yi ba daidai ba? In kama sunan babana a gabansa, in tono maganar da shekara ashirin ba wanda ya ƙara tayar da ita? Bakina ba zai iya ba. Wannan ita ce hujjar da na riƙa ba kaina. Amma akwai wata a ƙarƙashinta wadda ban so in duba ba: haushinsa nake ji, kuma so nake shi ma ya rasa wani abu.

Kwana goma sha ɗayan nan suka wuce ina kallonsu. Na naɗe littattafan a zanensu na tura saman kabad.

Ranar Asabar na je Kunduru, don rashin zuwan ma magana ce. Ko zama ban gama yi ba ya ce, "Halan an miƙa?"

Na ce, "An miƙa, Malam."

Ban san lokacin da ƙaryar ta fito ba. Ya ɗaga hannu sama ya yi ta hamdala, ya sa mini albarka har sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya sa Inna Kubura ta cika mini leda da gyaɗa. Daga baya na ji har a masallaci ya faɗa, wai littafinsa na Katsina gaban manya.

Daga ranar nan gaisuwarmu ta zama iri ɗaya. In mun gama ina kwana da ina gajiya sai ya juyo da kunnensa wajena ya ce, "Sun ce wani abu?" In ce, "Tukuna, Malam." Ya ce, "To, Allah shi sa mu ji alheri." Sai ya kama wani zancen, na damina ko na 'yan makarantata. Ko da sunayen waɗanda aka zaɓa suka fito, na faɗa masa babu nasa, cewa kawai ya yi wataƙila akwai zagaye na biyu. Wani zuwan ya sake tambaya, sun ce wani abu?

Tambayar nan ta ishe ni, har na riƙa jin haushinta. Ina cewa a raina, wannan tsoho da naci yake! Na rage zuwa, daga sati biyu ya koma wata, daga wata ya koma sai da Sallah. Abin da ban lura da shi ba, don fushi ya rufe mini ido, shi ne bai taɓa cewa in maido masa da littattafansa ba. Mutumin da ba ya bari ko Inna Kubura ta matsar da su in tana shara.

Idon hagun ya ƙarasa rufewa a shekara ta biyu. Zuwana na ƙarshe na same shi a kan tabarma a inuwar darbejiya, hannunsa ɗaya dafe da aljihun gaba. Ya gane ni tun daga sallama. Muka gaisa, ya yi tambayarsa, na ba shi amsata. Sannan ya ce, "Adawiyya, ba wata magana?" Na ce, "Babu, Malam." Ya ce, "To madalla. Ki gaida maigidan."

Ya rasu ana cirar gyaɗa, ranar wata Alhamis da hantsi, ina cikin aji aka kira ni a waya.

Ranar sadakar bakwai na sauko da littattafan daga saman kabad na tafi da su. Na jira mata suka ragu, sannan na shiga ɗakin Inna Kubura, na ajiye ƙunshin a gabanta. Na shirya ƙaryar da zan yi, wai an maido da su daga Katsina. Ba ta bar ni na fara ba. Ta kalli zanen, ta kalle ni, ta ce, "Kin kawo su ke nan." Ta sa hannu ƙarƙashin filo ta jawo wata takarda da aka ninke huɗu, duk ta yi laushi, gefenta ya yi baƙi.

Ta ce, "Ai ya sani, ɗiyar nan. Tun Sallar farko."

Ta ce wani tsohon ɗalibinsa, Sharafaddeen, da ke aiki a ofishin da aka karɓi littattafan, ya zo gaisuwar Sallah, Malam ya roƙe shi ya duba masa. Bayan kwana uku ya bugo waya ya ce ya bi takardun kaf, ba a taɓa kawo wani abu da wannan suna ba. Ta ce kwana biyu Malam bai ci abin kirki ba, yana zaune yana motsa baki, ashe kalmomin yake bi ɗaya bayan ɗaya da ka. Rana ta uku tana tankaɗe ta ji ya ce, "Innalillahi. Gajere." Ya sa ta kawo masa takarda da biro biyu.

Na ce, "Inna, to me ya sa bai faɗa mini ba?"

Ta ce, "Na ce mashi shi kira ki. Ya ce in shi ya tada maganar, ya ce maki kin yi ƙarya ke nan, shi kau ba ya kunyata ɗiyarshi. Ya ce bari dai shi riƙa tambaya, wata rana za ki ce, Malam, akwai magana, sai shi ba ki. Kullum kika zo tana aljihunshi. In ya ji sallamarki sai ya ce in ba shi rigar da takardar take."

Na buɗe. Rubutun manya-manya ne, ya karkace, wani layin ya hau kan wani, jan biron ma a wani wuri ya zarce bakin takarda. Ya sake rubuta kalmar da ma'anoninta kamar yadda suke. Da ya zo misalin sallamawa bai ƙirƙiro wani Jon ba, ko a nan bai karya ƙa'idarsa ba. Cewa ya yi: Badaru ya sallama wa Adawiyya, ya cire sunan. A can ƙasa kuma ya ƙara layi biyu. Ban rubuta don in tozarta shi ba. Duk zamana Mawashi ban ga namijin da ya kai shi ba ranar nan. Ki yahe mani.

Ni yake roƙo in yafe masa, ni da na zauna a kan aikinsa na shekara talatin da biyu, na ci gyaɗarsa, na bar shi ya makance yana jira. Na yi kuka a ɗakin nan har Inna Kubura, mai takaba, ita ta koma ba ni haƙuri. Kalma huɗu ce fa kawai, Malam, akwai wata magana. Na zo gidan nan ya fi sau goma sha biyar bayan ya rubuta takardar, tana nan tsakanina da shi, ko kamu uku babu.

Na koma da littattafan Kankia na ƙarasa bugun cikin sati uku. Kwamitin ya daɗe da watsewa, don haka na je Katsina da kaina na sa aka buga mini guda ɗaya, aka yi masa bango mai kauri, sunansa a gaba da manyan haruffa. Da na zo shafin nan na daɗe da takardun biyu a gabana. A ƙarshe na bar na farkon, da sunan babana, yadda ya rubuta tun asali. Da na gan shi a buge, ɗan layi ɗaya ne, bai fi tsawon yatsana ba.

Na kai wa Inna Kubura. Ba ta yi boko ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta jinjina shi, ta ce, "Nauyi gare shi." Sannan ta ce, "Ina sunanshi?" Na kama yatsanta na ɗora a kai. Ta shafa daga farko zuwa ƙarshe, ta sake dawowa.

Ta ce, "Haka ya ce zai yi in littafin ya zo. Ya ce ko idon ya ruhe ba komai, ya shafa."

Ta naɗe shi a tsohon zanen nan tare da sauran bakwai ɗin, ta sa a adaka ta rufe.